Sunan Da Muke Ɗauke Da Shi

In ka taɓa bin hanyar da ta tashi daga cikin garin Sakkwato zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, to ka ratsa Kwalkwalawa. Ka ga Gulbin Rima, ka ga fadama shimfiɗe da shinkafa da albasa, ka ga masunta da kifinsu a bakin hanya. Wata rana ka tsaya can na rabin sa'a, ka kame bakinka, ka buɗe kunnenka. Za ka ji ɗan kabu-kabu ya ce bismilla kafin ya ta da babur. Za ka ji mai kifi yana rantsuwa da Allah cewa bai ci riba ba. Tsohuwa za ta sallami jikanta da "Allah ya kiyaye hanya", almajiri zai miƙo kwano da sunan Allah, mai noman rani kuma ba zai yi maka alkawarin gobe ba sai ya haɗa da "in Allah ya yarda". Kafin rabin sa'ar ta cika, ka ji sunan nan sau da yawa har ka daina ƙirgawa.

Ran Lahadi kuma mu taru a majami'a, mu buɗe Littafi Mai Tsarki, mu kira wannan suna. Shi ya sa matasanmu suke yawan tambaya: daidai ne Kirista ya ce Allah? Wanda muke kira, shi ne wanda maƙwabcinmu yake kira? Tambayar ta ƙara nauyi tun watan Mayu na 2022, sa'ad da aka kashe wata ɗaliba Kirista a garin nan bisa zargin ɓatanci. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai da kisan, shugabannin ikilisiya suka yi kira a kwantar da hankali, amma mikin bai warke ba a zukata da yawa. Akwai masu bi da har yau sukan ji wani abu ya tokare musu maƙogwaro in za su furta kalmar da suka ji an furta a wurin zub da jini. Ba zan raina wannan zafi ba. Abin da nake roƙo shi ne ka zauna tare da ni mu bi sawun sunan, mu ga inda ya fito, da abin da yake nufi, da abin da yake nema a wurinka.

Sunan da ake jin kunyarsa

Bahaushe ya san nauyin suna. Matar kirki a gidan gargajiya ba ta kiran sunan mijinta. Sai ta ce maigida, ko malam, ko kuwa "shi". Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ko da za a yi mata tambaya sau goma. Yaron da aka raɗa wa sunan kakansa, sai a nema masa laƙabi, domin kada bakin 'ya'ya ya riƙa kama sunan mahaifinsu. Baƙo zai iya zaton rashin ƙauna ce. Mu kuwa mun san sunan da aka fi ɓoyewa shi ne na wanda ya fi kusa da zuciya.

Da wannan idon za ka fahimci Yahudawa. A Tsohon Alkawari akwai suna ɗaya mai haruffa huɗu na Ibraniyanci, wanda ya bayyana fiye da sau 6,800. Masana suna karanta shi Yahweh. Saboda girmamawa, Yahudawa suka daina furta shi. In mai karatu ya iso wurin, sai ya ce Adonai, wato Ubangijina. A hira ta yau da kullum kuwa sukan ce Hashem, ma'ana "Sunan" kawai, kamar yadda matar nan take cewa "shi". Babban firist ne yake furta shi a Haikali a Ranar Kafara, har zuwa rushewar Haikalin a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu. Masu fassara zuwa Helenanci suka bi wannan ladabi suka rubuta Kuriyos. Masu fassara zuwa Hausa su ma suka sa Ubangiji, ko da yake wasu sababbin fassarori sun dawo da Yahweh a rubuce. Kalmar Yehoba da kake ji a waƙoƙin sujada ta samo asali ne daga haɗa baƙaƙen wannan suna da wasulan Adonai.

To, mene ne ma'anarsa? Ka koma Fitowa sura 3. Musa yana kiwon tumakin surukinsa a jeji, ɗan gudun hijira ne mai laifin kisa a wuyansa, mutanensa kuma suna cikin bauta a Masar. Aka aike shi wurin Fir'auna, ya ji tsoro, ya nemi sanin sunan wanda ya aike shi. Amsar da ya samu an gina ta a kan kalmar Ibraniyanci mai nufin kasancewa. Wannan kalma kuwa ita ce Allah ya riga ya yi amfani da ita ayoyi biyu kafin nan, inda ya yi wa Musa alkawarin zama tare da shi. Saboda haka sunan yana ɗauke da gaskiya biyu a haɗe. Ta fari, Allah yana nan da kansa, ba wanda ya yi shi, ba ya dogara ga kowa, ba kuma mai juya shi. Ta biyu, yana nan tare da wanda ya aika, a cikin tsoronsa.

Ka lura da abin da Musa bai samu ba. Masarawa sun gaskata cewa wanda ya san asirin sunan gunki yana da iko a kansa. Mu ma muna cewa suna linzami ne. Amma sunan da aka ba Musa ba ya shiga hannun kowa a matsayin linzami. Za ka iya kiransa, ba za ka iya jansa ba. Wani babban malamin Yahudawa, Musa ɗan Maimun, wanda ya yi rubutu da Larabci ya kuma rasu a Masar a 1204, ya koyar cewa sauran sunayen Allah duka an samo su ne daga ayyukansa, wannan ɗaya ne kaɗai yake nuni ga zatinsa.

Daga ina kalmar Allah ta fito?

Ibraniyanci da Aramiyanci da Larabci 'yan ɗaki ɗaya ne, kamar yadda Sakkwatanci da Kananci suke da uwa ɗaya, sai dai su nisansu ya fi yawa. A Ibraniyanci ana cewa El, da Elowa, da Elohim. Elohim ita ce kalmar da take a ayar farko ta Farawa. A Aramiyanci, harshen da Ubangijinmu Yesu ya yi magana da shi a gida da kasuwa, ana cewa Elah ko Alaha. A Larabci ana cewa ilah ga kowane abin bauta, Allah kuwa ga abin bauta ɗaya na gaskiya. Saiwarsu ɗaya ce. Kukan da Yesu ya yi a kan gicciye, wanda Markus ya ajiye mana da harshen asali, da wannan saiwa ya fara.

Kalmar ta girmi Musulunci. Sunan mahaifin Annabin Musulunci Abdullahi, wato bawan Allah, an kuwa raɗa masa shi tun kafin a haifi ɗansa. Kiristocin Masar da Lebanon da Siriya da Iraƙi da Falasɗinu, waɗanda ikilisiyoyinsu suka girmi namu da ɗaruruwan shekaru, da Allah suke addu'a, da shi suke yin baftisma. Sa'ad da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka kammala fassarar da aka buga a 1932, cikakken Littafi Mai Tsarki na farko da Hausa, ba su ƙago wata kalma ba. Sun ɗauki wadda Bahaushe ya sani. Haka aka yi a ko'ina. Bayarabe Kirista yana cewa Olorun, Ibo yana cewa Chukwu ko Chineke, Tibi yana cewa Aondo, dukansu kuwa sunaye ne da kakanninsu suka sani kafin zuwan bishara. Kalmar da Bature yake amfani da ita ma, kakanninsa sun kira gumakansu da ita. Manzo Bulus a Atina ya ɗauki kalmar da Helenawa suke kiran allolinsu, ya cika ta da labarin Mahalicci da tashin matattu.

A ƙasar Maleshiya an shafe shekaru ana shari'a a kotu a kan ko Kirista yana da izinin rubuta kalmar Allah. A ƙasar Hausa ba mu gāji wannan gardama ba, kada kuwa mu shigo da ita da hannunmu. In ka yar da kalmar saboda wani ya ɓata ta, ka bar masa ita ke nan, ka kuma yanke gadar da take tsakanin bakinka da kunnen maƙwabcinka. Bayan haka Hausa tana da nata arzikin: Mahalicci, Maɗaukaki, Buwayi, Gagara Misali, Mai Kowa Mai Komai, Sarkin Sarakuna. Waɗannan na dukanmu ne.

Sunayen da aka haifa cikin wahala

Mutum na farko a Littafi Mai Tsarki da ya raɗa wa Allah suna ba annabi ba ne, ba firist ba ne. Baiwa ce Bamasariya mai ciki, wadda ta gudu daga azabar uwargijiyarta. Hajaratu ke nan, a Farawa sura 16. A bakin wata maɓuɓɓuga cikin hamada mala'ikan Ubangiji ya same ta, ya kira ta da sunanta, abin da ba mu ji Ibrahim ko Saratu sun yi ba a surar. Sai ta kira Allah El Royi, Allah mai ganina. Ɗan da ta haifa aka sa masa Isma'ilu, ma'ana Allah yana ji. Maƙwabtanmu Musulmi suna girmama matar nan ƙwarai. Duk alhajin da ya yi safa da marwa, gudunta na neman ruwa yake tunawa. Cikin sunayen da suke kiran Allah da su kuwa akwai Al-Basiru, Mai gani, da As-Sami'u, Mai ji.

Haka sauran sunayen Ibraniyanci suke. Kusan kowanne yana da tabo a jikinsa. Yahweh Yire, Ubangiji zai tanada, ya fito daga bakin Ibrahim bayan wuƙa ta kusa sauka a kan ɗansa. Yahweh Shalom, Ubangiji salama ne, Gidiyon ne ya faɗe shi a lokacin da Madayanawa suke kwashe amfanin gona, har mutum yana sussukar alkama a ɓoye. Yahweh Shamma, Ubangiji yana can, shi ne kalmar ƙarshe a littafin Ezekiyel, annabin da ya yi zaman bauta a Babila yana jin labarin rushewar birninsa. Ba a zauren muhawara aka samo su ba. Mutane ne suka shiga ƙunci, Allah ya same su a can, suka fito da suna.

A wajen Musulmi, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya ce Allah yana da sunaye 99, jerin da aka fi sani kuwa yana cikin littafin Tirmizi. Su ne Asma'ul Husna, kyawawan sunaye, waɗanda yara suke haddacewa a makarantar Islamiyya. Ko ba ka taɓa karanta jerin ba, ka san da yawa daga cikinsu, gama suna yawo a unguwarku da ƙafa biyu: Abdurrahman, Abdulmalik, Abdussalam, Abdulƙadir, Abdurrazaƙ. Kowanne yana cewa mai sunan bawa ne na Mai rahama, ko na Sarki, ko na Mai aminci, ko na Mai iko, ko na Mai azurtawa. Yahudawa ma haka suka yi. Daniyel, Allah ne alƙalina. Iliya, Yahweh ne Allahna. Zakariya, Yahweh ya tuna. Yohanna, Yahweh ya yi alheri.

In ka jera sunayen gefe da gefe, za ka ga kamar fuskokin 'yan'uwa. Kadosh na Ibraniyanci, wanda serafim suka maimaita sau uku a wahayin Ishaya, shi ne Al-Ƙuddusu, Mai tsarki. Melek shi ne Al-Maliku. Hai shi ne Al-Hayyu, Rayayye. Elyon shi ne Al-Aliyu, Maɗaukaki. Ehad, kalmar da Bayahude yake shaida kaɗaitar Allah da ita safe da yamma, ita ce Ahad.

Amma akwai ɗaya da nake so ka daɗe a kansa. Sa'ad da Musa ya roƙi ganin ɗaukakar Allah, bayan jama'a sun yi zunubin ɗan maraƙin zinariya, Ubangiji ya wuce a gabansa yana shelar sunansa. Siffa ta farko da ya ambata a Fitowa sura 34 ita ce Rahum, mai jinƙai. Surori 113 daga cikin 114 na Alƙur'ani suna buɗewa da sunaye biyu daga wannan saiwa, Ar-Rahmanu da Ar-Rahimu. Daga nan Hausa ta samo kalmar rahama. Saiwar kuwa, a harsunan biyu, ita ce kalmar mahaifa: rehem a Ibraniyanci, rahim a Larabci. Akwai ma hadisin da ya danganta sunan mahaifa da sunan Mai rahama, shi ya sa sada zumunci yake da girma haka a wurinsu. Annabi Ishaya kuma ya kwatanta Allah da uwa mai shayarwa, ya nuna cewa ko uwa ta manta da jaririnta, shi ba zai manta ba.

Ka yi tunani a kan wannan. Jinƙan Allah ba irin tausayin attajiri ba ne da yake jefa wa almajiri kuɗi ta tagar mota. Irin abin nan ne da yake murɗa cikin uwa in ta ji kukan ɗanta cikin dare. Duk wanda ya buɗe baki ya kira Allah Mai jinƙai, Kirista ne ko Musulmi ko Bayahude, sa'an nan ya ɗaga hannu a kan ɗan da wata mahaifa ta ɗauka wata tara, sunan da ya kira shi ne zai tsaya shaida a kansa.

Inda hanya ta rabu

Kada ka ɗauka ina cewa duka ɗaya ne. Ƙauna ba ta buƙatar ƙarya, maƙwabcinka mai ilimi ma ba zai gode maka ba in ka shafe bambancin. A 1824, da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya zo garin nan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi masa tambayoyi a kan ƙungiyoyin Kirista na dā da bambancin koyarwarsu, har baƙon ya yarda cewa saninsa bai kai can ba. Sakkwato gari ne na masu karatu. Wajibi ne mai bi ya san abin da ya gaskata, ya iya faɗinsa da tawali'u.

Kada kuma ka yi wa maƙwabcinka shaidar zur, ka ce bai san Allah mai ƙauna ko mai gafara ba. Cikin sunayen 99 akwai Al-Wadudu, Mai ƙauna, da Al-Gafuru, Mai gafara. Bambancin yana wani wuri. Akwai suna ɗaya da ba ya cikin jerin, Musulunci kuwa da gangan ya bar shi, domin yana ganin kiran Allah da shi zai taɓa kaɗaitarsa. Sunan shi ne Uba. Yesu ya kira Allah Abba, kalmar da ɗa yake kiran mahaifinsa a cikin gida, ya kira shi haka har a Getsamani, ya kuma koya wa almajiransa su fara addu'a da kiran Uba. Ba haihuwa ta jiki muke nufi ba, Allah ya tsare mu da wannan tunani. Muna nufin cewa tun fil azal akwai ƙauna a cikin Allah kansa, tsakanin Uba da Ɗa cikin Ruhu Mai Tsarki, an kuma jawo mu cikinta ta wurin alheri, bayi sun zama 'ya'ya.

Sunan Yesu ma yana ɗauke da tsohon sunan nan mai haruffa huɗu. Yeshuwa, ma'ana Yahweh yana ceto. Matiyu ya ƙara da Immanuwel, Allah tare da mu. Bangaskiyarmu ita ce, wanda ya ce wa Musa yana nan, ya cika maganarsa har ya ɗauki jiki, ya ji yunwa da ƙishi, ya mutu a kan gicciye, ya tashi. Maƙwabcinmu yana girmama Annabi Isa ɗan Maryamu, amma bai yarda da allahntakarsa ko mutuwarsa a gicciye ba. Wannan rabuwar hanya ce ta gaske, ba ƙarama ba.

To, Allah ɗaya muke kira? Ga yadda nake gani. Mahaliccin sama da ƙasa ɗaya ne, babu na biyu da wani zai kira. Mutum biyu za su iya nuna sarki ɗaya da yatsa, su yarda a kan sarautarsa da adalcinsa, su saɓa ƙwarai a kan abin da ya yi da yadda ake shiga wurinsa. Mu mun shaida cewa a fuskar Yesu Almasihu ne aka san shi sosai, ba kuwa za mu janye wannan shaida ba. Sai dai sanin nan kyauta ce aka ba mu. Wanda aka ba kyauta ba shi da abin fahariya.

Ɗaukar sunan

Yanzu mun iso inda maganar ta shafe ka kai tsaye. Doka ta uku cikin Dokoki Goma ta hana a yi wasa da sunan Ubangiji. Kalmar aikatau da aka yi amfani da ita a Ibraniyanci ita ce nasa, ma'anarta ɗauka, kamar yadda ake ɗaukar kaya. Babban firist yana ɗauke da sunan a rubuce a kan allon zinariya a goshinsa. Albarkar da Haruna yake sa wa jama'a a Littafin Ƙidaya sura 6, an ce ɗora sunan Allah ce a kansu. Saboda haka dokar ta wuce maganar baki. Kai da aka yi wa baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kana ɗauke da sunan nan duk inda ka sa ƙafa, kamar yadda dogari yake ɗauke da sunan sarki a rigarsa. In dogari ya yi ƙwace a kasuwa, wa ake zagi?

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta littafi a kan sunaye 99, a ƙarƙashin sunayen kuwa yakan nuna rabon da bawa yake da shi a cikinsu. A ganinsa haddace suna ba ya isa, sai halin mutum ya ɗauki kamanninsa gwargwadon iyawar ɗan Adam. Mai bi ba zai ji wannan baƙon abu ba, gama Yesu ya umarce mu mu yi jinƙai domin Ubanmu mai jinƙai ne, Bitrus kuma ya tuna mana cewa tsarkin Allah yana neman tsarkinmu. Kowane suna da ka sani bashi ne a kanka.

Bari mu auna kanmu. Ka kira shi Allah na gaskiya ran Lahadi, ran Litinin ka buga gindin mudu ya shiga ciki, ko ka jera manyan tumatir a saman kwando ruɓaɓɓu a ƙasa, sa'an nan ka rantse. Yesu ya hana mu rantsuwa domin yana so maganarmu ta tsaya da ƙafarta. Kirista a kasuwar Sakkwato ya kamata ya zama mutumin da ba a neman rantsuwarsa. Ka kira shi El Royi, Mai gani, amma yarinyar da take aiki a gidanka ba ka san ko ta ci abinci ba. Ka tuna Hajaratu baiwa ce a gidan masu bangaskiya. Ka kira shi Mai tanadi, amma ka riƙe ladan lebura har rana ta faɗi.

Akwai wata hanyar ɓata sunan da ta yi kama da ibada. Muna sukar mai ɗaura laya, alhali wasunmu sun mai da sunan Yesu laya. Suna maimaita shi da ihu kamar yawan faɗinsa ne zai tilasta wa Allah, suna jefa shi a kan abokan gaba kamar kibiya, wasu ma suna karɓar kuɗi a kansa. Ayyukan Manzanni sura 19 ta ba da labarin 'ya'ya bakwai na wani firist a Afisa da suka gwada wannan. Da rauni da tsiraici suka fita daga gidan. Sunan da bai zama linzami a hannun Musa ba, ba zai zama linzami a hannunka ba.

Mafi nauyi duka shi ne ɗaukar sunan Allah zuwa wurin ramuwa. Mun ga an yi mana, tarihi kuma ya nuna cewa masu ɗauke da sunan Almasihu sun yi wa waɗansu, a ƙasar nan da wajenta. Neman adalci a gaban hukuma hakkinka ne, kada ka gaji da nemansa. Amma in ka bar ƙiyayya ta yi sheƙa a zuciyarka, har ka koya wa 'ya'yanka cewa duk mai salla maƙiyi ne, ka ɗauki sunan Mai jinƙai a banza. Roƙo na farko a addu'ar da Ubangiji ya koya mana shi ne a tsarkake sunan Uba. Ba a sama ake bukatar wannan ba, can a tsarkake yake. A bakinka ne, da mudunka, da yadda kake gai da maƙwabcinka da safe.

Allah na nan

A watan Satumba na 2010 ruwa ya cika Gulbin Rima ya yi ambaliya, ya cinye gonaki da gidaje, ya yanke hanyar jami'a a wajen Kwalkwalawa. Mutane suka koma ga kwalekwale. Malami da ɗalibi, mai albasa da ma'aikaci, Musulmi da Kirista, suka zauna a katako ɗaya, ransu a hannun masuncin da wataƙila dā ba sa ko gaishe shi. A tsakiyar ruwa ba mai tambayar asalin kalma. Kowa yana kiran sunan da ya sani, da muryar wanda ya gane cewa shi ba kome ba ne. A irin wannan wuri aka haifi sunayen da muka bi sawunsu, a irinsa kuma ake gane ko mutum ya san su.

In Bahaushe ya ga wanda aka zalunta, ko wanda ya yi rashi, ko wanda ya rasa mafita, yakan ce masa, "Allah na nan." Akwai iyaye masu bi a Arewa da suka raɗa wa 'ya'yansu wannan magana ta zama suna. Ban san wata fassara da ta fi ta kusa da abin da Musa ya ji a gaban kurmin nan mai cin wuta ba. Yana nan, ba ya gushewa. Yana nan, yana gani. Ka faɗe ta ga zuciyarka in tsoro ya zo. Ka faɗe ta ga maƙwabcinka in ya yi rashi, ka kuma zauna tare da shi a kan tabarmar makoki, domin ya ga alamar maganar a jikinka. In wata rana ya tambaye ka dalilin da ya sa kake kiran Allah Uba, ka amsa masa da ladabi da gaskiya, rayuwarka ta riga ta share wa amsar hanya.

Mu yi addu'a. Ya Allah Ubanmu, Rayayye, Mai tsarki, Mai jinƙai, kai da ka ga Hajaratu a jeji ka kuma kira Musa daga cikin wuta, mun gode da ka sanar da mu sunanka cikin Ɗanka Yesu. Ka gafarta mana inda muka ɗauke shi a banza, da bakinmu ko da aikinmu. Ka warkar da masu rauni a cikinmu, ka tsare mu daga ramuwa, ka ba ƙasarmu adalci da salama. Ka albarkaci maƙwabtanmu, ka sa su ga jinƙanka a hannuwanmu. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.